Yadda aka shawo kan satar ƙafafun tirelar jirgin ruwa a wata kwata ta ƙasar Yawuri

Asalin lamarin: 2021 zuwa Mayun 2023

Mutumin da wannan bayani ya shafa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma ni nake riƙe masa littafin shiga da fitar kuɗi tun shekarar 2021, saboda haka watanni da adadin da za a gani a nan daga wannan littafi na ɗauko su. Sana'ar fito gadonsa ce. Yana yin ta a wata kwata ta bakin kogin Kwara a ƙasar Yawuri, jihar Kebbi, daidai yankin da kogin yake buɗewa ya zama tafkin Kainji tun bayan da aka kammala madatsar ruwan a 1968. Yana da jiragen katako guda biyu masu ɗaukar fasinja da kaya a ranakun kasuwa, waɗanda kwanansu da wuninsu duk a cikin ruwa ne.

Bayan hatsarin jirgin da ya ci rayuka masu yawa a kusa da Warrah, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, Kawu ya lura cewa ma'aikatan da ke ɗaukar shatar jirgi zuwa tsibirai, irin su ma'aikatan rigakafi da masu kai kayan agaji, sun fara neman ƙaramin jirgi mai sauri wanda ba a cusa masa kaya. A ƙarshen wannan shekara ya sayi jirgin faiba na hannu mai tsawon mita 7, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Shi irin wannan jirgi amfaninsa yana cikin yadda za a iya ɗora shi a tirela a ja shi da mota zuwa duk kwatar da aiki ya taso, domin ruwan wannan yanki ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana cika da ruwan damina wajen watan Satumba, ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya ratso Mali ya iso cikin hunturu ya riƙe shi a cike, sa'an nan daga bazara ya yi ta ja da baya har wata kwatar ta zama fako.

Tirelar wani mai walda ne a Yelwa ya ƙera ta. Ƙarafa ne masu kauri da aka shimfiɗa bisa sifirin biyu, da aksil na bututun ƙarfe wanda aka liƙa wa kan ƙafar gaba ta tsohuwar mota a kowane gefe. Ƙafafun masu inci 14 ne, kowace tana da noti huɗu. Tsawon shekara ɗaya da rabi babu abin da ya taɓa samun ta, domin kowace yamma ana ɗora jirgin a kanta, a ja shi da tsohuwar a-kori-kurar Kawu zuwa gida, tafiyar kilomita 4, a shigar da shi cikin katanga a rufe ƙofa.

Sata ta farko: Yulin 2023

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Cikin 'yan kwanaki farashin lita a hukumance ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Yuli kuma ya haura 600. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga man da motar ke sha wajen kai jirgi da safe da ɗauko shi da yamma ya fara cinye ribar ranakun da babu shata. Kawu ya yanke cewa jirgin ya riƙa kwana a ruwa tare da na katako, a riƙa cire injin kawai ana kai shi gida a Keke Napep, ita kuma tirela a ajiye ta a gindin wani dogon yaro mai nisan kamar mita 60 daga bakin ruwa. Jirgin yana cikin idon masunta da ke kwana a kwata. Tirelar kuwa tana can baya, inda ba mai bi bayan sallar isha'i.

A mako na uku na watan Yuli, da safiyar Alhamis, yaran jirgi suka tarar da ita zaune a kan duwatsu huɗu, ƙafafun biyu duk babu. Na je na gani da idona. An yi yayyafi da asuba, amma sawun babur ɗaya bai goge ba, ya taso daga gindin bishiyar ya bi hanyar gonakin shinkafa. Noti ɗaya ya faɗi cikin taɓo, sauran bakwai an tafi da su. Babu alamar an kafa jak a ko'ina, kuma daga baya yaran suka nuna mana dalili: tirelar da babu jirgi a kanta mutum biyu suna ɗaga gefenta da hannu, na uku ya tura dutse. Da muka gwada da agogo, kwance ƙafa ɗaya da sifanar taya bai kai minti biyar ba.

Asarar ba ta tsaya ga ƙafafun ba. A wannan makon akwai shatar kwana biyu da aka riga aka yi magana, wadda sai an ja jirgin zuwa wata kwata kafin a fara ta, kuma ta kuɓuce. Kwana tara aka ɗauka kafin a samo wili biyu masu ramukan da suka dace da tayoyi 'yan Kwatano, a lokacin da darajar naira ke faɗuwa, kayan mota kuma ke tashi kusan kowane mako.

Sarƙa da kwaɗo: Agusta zuwa Oktoban 2023

Abin da kowa ya ba da shawara shi aka fara yi. An sayi sarƙa mai kaurin milimita 6, irin wadda ake ɗaure janareta da ita a bakin shago, aka yanka ta biyu, kowane yanki aka zura shi ta ramin wili aka zagayo da shi jikin tirelar aka danna kwaɗo. Kwaɗunan na kasuwa ne masu matsakaicin kuɗi.

Matsalar da ba mu hango ba ita ce tirelar jirgi ba kamar sauran ababen hawa take ba, shiga ruwa take yi har aksil ya nutse duk lokacin da za a sauke jirgi ko a ɗora shi. Yaran sukan bar sarƙar da kwaɗon a rataye jikinta su shiga ruwa da su. Kafin ƙarshen Satumba kwaɗon gefen hagu ya cije, makulli ba ya juyawa, aka fasa shi da guduma, kuma babu wanda ya zo ya faɗa, domin kowa yana tsoron a ce shi ya lalata. Suka ci gaba da naɗe sarƙar a gefen nan yadda mai wucewa zai zaci a kulle take.

A tsakiyar Oktoba aka ɗauke ƙafar hagu. A gefen dama, inda kwaɗon ke aiki, mun tarar da zobe ɗaya na sarƙar an yanka shi ya wuce rabi, bakin yankan yana ƙyalli, garin ƙarfe ya zuba a kan tayar. Da alama wani motsi ne ya kori masu aikin kafin su gama. Kawu ya sa aka kawo zarton ƙarfe aka gwada a kan wani zoben, cikin minti uku ya rabu.

Walda a kan noti: Nuwamban 2023 zuwa Fabrairun 2024

Shawarar da ta biyo baya daga wani direba ta fito, cewa a ɗiga walda a kan noti biyu na kowace ƙafa yadda sifana ba za ta juya su ba. An yi hakan a farkon Nuwamba, kuma fiye da wata uku ba a taɓa tirelar ba.

A watan Janairu aka fara biyan kuɗin wannan dabara. Ana jan jirgin a kan titi da rana tsaka sai tayar dama ta yi faci. Mai facin da aka kira ya zo da kayansa, ya duba notin, ya ce wannan ba aikinsa ba ne sai an kawo mai walda. Sai da aka koma gari aka ɗauko mai walda da janaretansa a bayan mota, ya yanke ɗigon, a garin haka kuma kusa ɗaya ta lalace. Jirgin ya yi awa biyar a gefen titi, ma'aikatan da suka ɗauki shatar suna zaune a inuwa suna jira. Duk da haka, da aka dawo sai aka sake ɗiga waldar, domin ba mu da wata dabarar a hannu.

Abin da ya faru a ƙarshen Fabrairu shi ya nuna mana cewa mai wannan aiki ya san mota. Ƙafar tirela irin wannan ba notin taya kaɗai ke riƙe ta ba. A tsakiyarta akwai 'yar hular ƙarfe da ke tare ƙura, a ƙarƙashinta akwai babban noti ɗaya wanda wani siririn ƙarfe da ake lanƙwasawa ke hana shi juyawa, kuma shi wannan noti shi ke riƙe hob, wato kan ƙafar da ake ɗaure wili a jikinsa, da boris a kan aksil. Wanda ya ɓalle hular, ya miƙe siririn ƙarfen da filaya ya zare, ya kwance babban notin, zai zaro ƙafar gaba ɗaya da hob ɗinta ba tare da ya taɓa notin da aka yi wa walda ba. Haka aka yi wa ƙafafun biyu a dare ɗaya. Da safe hulunan biyu suna ajiye a ƙasa cike da baƙin giris, ƙurar hunturu ta fara manne musu, kan aksil kuma tsirara. Wannan karon sai da aka sayi hob da boris da wili da taya, kuma kuɗin ya kusa ninka na satar farko.

Maigadi, da ɗauke tirelar baki ɗaya: Maris zuwa Afrilun 2024

A farkon Maris Kawu ya ɗauki wani dattijo gadi, shi kaɗai yake biyansa. Ba a yi masa rumfa a gindin bishiyar ba, ba a sa fitila ba, saboda haka yakan zauna a rumfar mai shayi mai nisan kamar mita 100, ya riƙa zagawa da tocila lokaci zuwa lokaci. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. A goman ƙarshe dattijon ya riƙa zuwa sallar tahajjud daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku da rabi na dare, kuma ya faɗa wa ɗaya daga cikin yaran jirgi, shi kuwa yaron bai isar da saƙon ba.

A daren 25 ga azumi, farkon Afrilu, aka ja tirelar gaba ɗaya. Da Kawu ya iso, dattijon ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ka yafe mini, masallaci na tafi." Kawu ya ɗaga shi ya ce, "Baba, tashi, ba kai ka ɗauka ba. Ni ne ban tambaye ka yadda za mu yi da goman ƙarshe ba." An sanar da mai unguwa, an kai rahoto ga 'yan sanda, an yi cigiya a masallatai. Bayan kwana uku wani yaro mai kiwo ya gan ta a cikin wani kwazazzabo, kilomita 3 daga kwata. Gangar jikin tana nan lafiya lau. Aksil da sifirin da ƙafafun ne babu.

Bin sawun kayan: Afrilu zuwa Mayun 2024

Ganin an yar da gangar jikin, wadda ita ce ta fi cin ƙarfe da kuɗin ƙira, ya sa Kawu ya daina tambayar yadda za a ɗaure tirela ya koma tambayar inda kayan ke zuwa. Tirelar jirgi ba ta da masu saye a yankin, domin masu jirgin faiba ƙalilan ne kuma duk sun san juna. Aksil mai ƙafafu biyu kuwa kasuwarsa a buɗe take. Shi ne ƙashin bayan amalanken shanu, kuma Afrilu da Mayu su ne watannin da manoma ke kwasar taki zuwa gona kafin faɗuwar damina, lokacin da kowa ke gyara amalankensa ko neman sabo. Taya mai inci 14 ita ma tana shiga ƙananan motocin haya da yawa, abin da ya rage kuma masu sayen gwangwan suna auna shi a kilo.

Kawu ya shafe ranakun kasuwa uku yana zagaya wuraren masu ƙera amalanke a garuruwan kusa, ina biye da shi a biyu daga ciki. A rana ta uku muka tsaya a kan wani aksil da aka riga aka ɗora wa katako. Kawu ya durƙusa ya shafa wurin da aka liƙa kan ƙafar da bututun, ya ce a ransa ya tabbata nasa ne, domin ya san hannun mai waldar da ya yi shi. Mai wurin ya ce saye ya yi daga hannun wani da ba ya iya tuna kamanninsa, ya kuma tambaya cikin ladabi ko akwai wata alama da za a nuna masa. Babu. Ba lamba, ba hoto, ba rasit mai bayanin kayan. Muka yi masa sallama muka tafi. Har yau ban san ko aksil ɗin namu ne ba, kuma ba zan ɗora wa mutumin laifi ba, domin tambayar da ya yi ita ce duk mai gaskiya zai yi.

Da muka dawo, Kawu ya kai maganar gaban sarkin ruwa, aka tara masu jirage da masu injin ban-ruwa da ke ajiye kaya a kwatar. A nan aka gano cewa cikin shekara guda mutum shida sun yi asarar wani abu, daga farfelar inji zuwa tiyo da batir, kowa kuma ya haɗiye tasa shi kaɗai.

Tsarin da aka kafa: Yunin 2024

Abu na farko da aka sauya shi ne wurin ajiya. An bar gindin dogon yaro aka dawo da tirelar jikin bangon wani sito da ke kusa da inda masunta ke kwana, a tudun da ya wuce layin da ambaliyar 2022 ta bari a bangon. Ana tura ta da hannu har hancinta, wato inda ake maƙala ta a mota, ya tokari bango, yadda ba za a iya ɗaura ta a bayan babur ko mota ba sai an juyo da ita.

A ƙarƙashin aksil aka haƙa rami mai zurfin santimita 60 da faɗi kamar haka, aka lanƙwasa rodi mai kaurin milimita 20 ya zama zobe mai ƙafafu biyu da aka tanƙwara waje, aka zuba kankare na buhun siminti biyu, aka bar shi mako guda ana ba shi ruwa. Sarƙar da aka saya wannan karon mai kaurin milimita 10 ce, ta ƙarfen da aka gasa ya taurara, kuma kafin a biya kuɗi Kawu ya sa aka goga mata zarto a gaban mai shagon, haƙoran zarton suka zame ba su kama ba. An yanke ta gajeriya da gangan. Tana zagaya aksil da gangar jikin ta shiga zoben a ɗame, ba ta kwanta a ƙasa, domin sarƙar da ta kwanta a ƙasa tana ba ɓarawo wurin da zai danne almakashin ƙarfe da nauyin jikinsa ko ya aza ta a kan dutse ya doka. Kwaɗon mai rufaffiyar kafaɗa ne, wanda ba a ganin wuyansa sosai. An kafa doka cewa sarƙa da kwaɗo na zoben ne, ba na tirela ba, a nan ake barin su idan za a fita, don kada su sake shiga ruwa, kuma ana ɗiga wa kwaɗon mai kowace Juma'a.

Maganar ƙafafu littafin lissafi ne ya warware ta. Da na ƙirga, tun daga lokacin da jirgin ya koma kwana a ruwa, an ja tirelar sau 41 ne kawai cikin wata goma, wato kamar sau ɗaya a mako. Sauran kwanakin duk tana tsaye ne da ƙafafu biyu a waje, rana tana cin tayoyin, masu wucewa suna kallo. Sai aka tsayar cewa da zarar an dawo daga aiki a ɗaga ta a kan bulo huɗu, a kwance ƙafafun, a mirgina su cikin sito a kulle. Mayar da su ranar aiki yana ɗaukar yaran kamar minti goma sha biyar. Saboda abin da ya faru a Fabrairu, mai walda ya yanka bututu mai faɗi ya yi wa kowane hob hula mai rufe shi gaba ɗaya, wadda ake kulle ta da ƙaramin kwaɗo a jikin wani kunne da ya liƙa a aksil. Don ranakun da aiki ya sa aka kwana a wani gari da jirgi a kan tirela, an sayo noti na musamman daga masu kayan mota, ɗaya a kowace ƙafa, wanda sai da makullinsa yake kwancewa, kuma yaro ɗaya yana kwana a cikin motar.

Sai alama. Mai walda ya rubuta haruffa uku da lamba biyu da waldarsa a jikin aksil, da wurare biyu a gangar jiki, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye, da kuma cikin kowane wili, a wurin da taya ke rufewa. An yi wa wilin fenti ruwan ɗorawa mai ratsin kore. Na ɗauki hoton komai a waya, har da lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Wannan lamba ba ta bambanta taya da 'yan uwanta da aka yi a mako ɗaya, amma idan ta haɗu da sunan kamfani da wurin faci tana ƙarfafa shaida. Abin da ya fi cin lokaci shi ne yawon da Kawu ya yi da hotunan zuwa wurin shugaban masu faci, da shugaban masu sayen gwangwan, da masu ƙera amalanke, har da mutumin nan da muka tsaya a wurinsa, yana nuna musu alamar yana barin lambar waya.

Gadi kuma ya zama na haɗin gwiwa. Mutum tara suka amince da karo-karo na wata-wata a hannun wakilin sarkin ruwa, aka ƙara wa dattijon abokin aiki matashi, aka yi musu rumfa a gefen siton, aka kafa fitilar sola a kan dogon ƙarfe, aka ba kowannensu usur. Da magariba ana ƙirga kayan da aka bari a gabansu, da safe a sake ƙirgawa. An kuma yi maganar azumi tun kafin ya zo, cewa a goman ƙarshe za su riƙa karɓa-karɓa.

Abin da ya biyo baya: Yulin 2024 zuwa Yunin 2025

A watan Oktoba aka ga sawun zarto a kan zobe biyu na sarƙar, wanda bai wuce ƙarzuwa ba. Matashin maigadin ya ce ya ji ƙara wajen ƙarfe biyu, ya haska, ya busa usur, ya ji tashin babur.

A watan Janairun 2025 tsarin ya sami ɓaraka. Yaran sun dawo daga wata shata da ƙarfe sha ɗaya na dare a gajiye, suka bar tirelar a bakin ruwa ba su kai ta zobe ba, ba su kwance ƙafafun ba, notin musamman kuma tun da aka yi faci a Disamba ba a mayar da na gefen hagu ba. Masu gadi ba su san tana can ba, domin an riga an yi ƙirgar magariba. Da safe ƙafar hagu babu.

Bayan kwana shida wani mai faci daga garin da ke kan babban titi ya kira. An kawo masa ƙafa a sauya mata taya, wilin an shafe shi da baƙin fenti, amma da ya ɓare tayar sai ya ga rubutun walda a ciki, ya tuna hoton da shugabansu ya nuna musu. Ya riƙe ta da hujjar cewa injinsa ya lalace, ya aika a kira mu. Wanda ya kawo ta ya ce saye ya yi, ya kuma nuna wanda ya sayar masa, maganar ta koma hannun hukuma. Ƙafar ta dawo. Daga nan zuwa ƙarshen Yunin 2025, har da azumin da ya kama a farkon Maris, ba a sake taɓa tirelar ba, kuma a cikin masu karo-karon tara mutum ɗaya ne ya yi ƙorafin ɓatan abu, shi ma jarkar mai ce.

Abin da na fahimta daga lamarin

A ganina dabaru ukun farko sun faɗi ne saboda kowace an yi ta ne don amsa satar da ta riga ta wuce. An kwance noti sai muka sa sarƙa, an yanka sarƙa sai muka ƙone noti, ba mu taɓa durƙusawa mun dubi ƙafar daga taya har aksil mun tambayi ta ina kuma za ta iya fita ba. Da mun kira makaniki tun watan Yulin 2023 muka ce ya nuna mana duk hanyoyin da zai bi ya raba ƙafa da tirela, da asarar Fabrairu ba ta same mu ba. Waldar noti ita ce mafi muni a cikinsu, domin ta wahalar da mai kaya a kan titi fiye da yadda ta wahalar da ɓarawo.

A cikin abubuwan da aka yi a Yuni, kwance ƙafafun a kai su sito shi ne ya fi kowanne aiki, kuma shi ne bai ci ko kwabo ba. Amma ya yiwu ne kawai domin tirelar sau ɗaya take fita a mako. Wanda tasa ke fita kullum ba zai jure wannan ba, yaransa za su daina yi kamar yadda namu suka daina kulle kwaɗon da ya cije, shi sai ya dogara ga notin musamman da hular hob da sarƙar da ta ratsa wili. Alamar walda ba ta hana sata ba, dawo da kaya ta yi, kuma ba za ta yi hakan ba da Kawu bai taka ya nuna ta ga mutanen da kayan ke ratsawa ta hannunsu ba. Fentin kuwa an shafe shi cikin sauƙi.

Sau biyu ɓarnar ta shigo ta wurin maganar da ba a faɗa ba, wato kwaɗon da aka fasa aka yi shiru, da saƙon tahajjud da bai iso ba, na uku kuma ta wurin tirelar da masu gadi ba su san an dawo da ita ba. Saboda haka tun Janairun 2025 Kawu ya ce duk abin da ya lalace a faɗa masa ranar, ba zai cire a kuɗin kowa ba, kuma duk daren da aka dawo bayan isha'i direba ya kira maigadi tun yana hanya. Abin da ya rage zuwa ƙarshen Yunin 2025 shi ne ƙananan kwaɗunan hular hob, waɗanda suka fara tsatsa saboda raɓa, da kuma karo-karon da mutum biyu suka yi wata uku ba su biya ba, wanda wakilin sarkin ruwa ya ce zai tayar da maganarsa a zaman da za a yi kafin ruwa ya cika.